Jarina ya ɗan taru: inji zan saya ko gyaɗa zan ajiye?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayena da yayyena. Shawara nake nema. A Bichi nake, ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Yadda muka gada nake yi: in sayo tsaba, in soya, in murje, in bushe, a kai inji a markaɗo, in zuba ruwan zafi in yi ta juyawa har mai ya taso in kwashe, tunkuzar kuma in murza in toya ƙuli. Mu uku ne, ni da 'yata da wata yarinyar maƙwabta. Kasuwa kam alhamdu lillahi, ƙulina ba ya kwana. Masu shaguna suna ɗauka, masu tsire suna ɗauka na yaji, ɗaliban kwalejin ilimi ma suna aikowa in makaranta na ci. Matsalar ita ce hannu ya gaza, ana zuwa nema ina cewa ya ƙare.

Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi. In na haɗa da kuɗin tumakina, zai kai abin da aka ce mini ƙaramin injin tatsar mai yake yi. Maigida ya ce in sayi inji in huta. Yayata ta ce kaka ta shigo, in zuba kuɗin a gyaɗa tun tana araha. Kuɗin ba zai ɗauki biyun ba. Don Allah waɗanda suka san harkar su faɗa mini ta ina ake farawa.

Mai Kula da Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a nema. Jama'a, a ba ta shawara tsakani da Allah, kuma ban da tallan kaya a ƙarƙashin wannan magana.

Ɗan Zamani:
Anti, ni a ganina maganar ba ta da tsawo. Ki sayi inji. Gyaɗa kullum tana kasuwa, amma kuɗin inji ba kullum yake haɗuwa a hannu ba, kuma farashinsa hawa yake yi. Wanda ya yi jinkiri kafin a cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ki tambaye shi yadda ya tarar da kaya bayan shekara guda. In inji ya shigo gida, aikin mako za ki gama shi a wuni.

Mai Walda:
Ƙanena tsaya tukuna. Hajiya, wane injin aka faɗa miki kuɗinsa? Ina tambaya ne saboda aikina ke nan, haɗa su da gyara su, kuma iri biyu ne da mutane ke cakuɗawa. Akwai mai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, yana matse gyaɗa ƙarƙaf, mai ya tsiyayo ta ƙasa, kek, wato tunkuzar da aka matse, ya fito ta baki a bushe. Irinsa ne a kamfanonin Sharaɗa da Bompai, akwai kuma ƙananansa. Yana tatsar mai fiye da hannu nesa ba kusa ba, amma abin da ya bari ba ya yin ƙulin da kika sani. Na masu haɗa abincin kaji da na dabbobi ne. Na biyun kuwa tukunya ce mai sanda a tsakiya, moto ke juya sandar. Ki zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kina tsiyaya ruwan zafi, tana juyawa har mai ya taso. Aikin muciya kawai ta ɗauke miki, tunkuzarki tana nan lafiya lau.

Ke da ƙulinki ba ya kwana, in kika sayi na farko kin kashe kasuwar da kika gina da hannunki. Kin koma gogayya da masu kamfani a kan mai, su kuwa tirela-tirela suke sayen gyaɗa.

Sai maganar wuta. Me zai ja injin? Masu nauyin suna son wuta mai layi uku, gidajen unguwa kuwa yawanci layi ɗaya ne. Layin da ake ba wuta sosai ma, wanda suke kira Band A, tun Afrilun 2024 aka ninka kuɗinsa fiye da sau uku. In an ce ki haɗa da injin fetur ko na gas, to kuɗin mai ya shiga lissafinki na kullum, ga bel, ga boris, ga ranar da zai tsaya a aika Kano neman kayan gyara. Duk wanda ya faɗa miki kuɗin inji bai faɗa miki kuɗin abin da zai ja shi ba, rabin magana ya yi miki.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka da alheri Malam. Na farkon ne aka turo mini hotonsa, mai fitar da kek. Na biyun ban tambayi kuɗinsa ba.

Hajiya Mai Sari:
'Yata, ni ba inji zan tambaye ki ba. Buhu guda na tsaba, kwalba nawa yake ba ki na mai, kuma ƙulin nawa kike sayarwa daga cikinsa? In kin cire kuɗin gyaɗa, da icce, da markaɗe, da kuɗin mai babur ɗin da ya kai ya dawo, da gishiri da barkono da leda, da abin da kike ba yarinyar maƙwabta, nawa ne yake saura?

Tun ina budurwa nake cikin saye da sayarwa, kuma abin da na gani yana karya mata a sana'ar gida ba rashin ciniki ba ne. Kuɗin ne ba shi da gida. Yau an ciri na cefane, gobe na maganin yaro, jibi gudummawar biki, ga anko. Ba wanda ya sace, amma ranar komawa kasuwa sai a ga buhu ya koma rabin buhu. Mace tana aiki tun asuba har dare, uwar kuɗi tana zagwanyewa, ita kuma tana ganin ai ciniki ake yi. In kika ɗora inji a kan wannan, ɓarnar ce za ta yi sauri.

Kuma a sana'arku, abin da na saba ji daga bakin masu yi shi ne mai yana dawo da kuɗin gyaɗa ne kawai, ribar tana cikin ƙuli. Ki auna naki ki gani ko haka yake. In haka yake, kin ga Mai Walda ya riga ya ba ki rabin amsa.

Maman 'Yan Biyu:
Hajiya, ina sanin abin da na saya da abin da na sayar a ka, amma icce da leda da na babur ban taɓa ware su ba. Kuɗin kuma a jaka ɗaya suke da na cefane, in maigida bai samu fita ba daga nan ake ɗauka. Ga masu shaguna, sai sun sayar suke biya, wani har a kai masa sau biyu bai biya na farko ba.

Akanta:
Yaya, abin da Hajiya ta faɗa shi ne matakin farko, kuma ba ya cin ko sisi sai littafin makaranta da biro. Ki raba shafi biyu, hagu abin da ya fita, dama abin da ya shigo. Kowane zubin gyaɗa ki ba shi shafinsa, daga ranar da kika saya har ranar da kwalbar ƙarshe ta tafi. In kika yi haka zubi huɗu ko biyar, littafin zai nuna miki ribar buhu guda. Daga nan lissafin inji mai sauƙi ne. A ce, misali kawai, inji zai ƙara miki ribar naira dubu biyar a kan kowane buhu bayan an cire mai da gyara, kuma kuɗinsa dubu ɗari biyar. Sai kin sarrafa buhu ɗari kafin ya biya kansa. To buhu nawa kike yi a wata, kuma da wane kuɗin za ki sayi buhunan bayan jarin duk ya tafi a ƙarfe? Na ga injuna da dama a zauruka an lulluɓe su da buhu, ba don sun lalace ba, don babu abin zuba musu.

Abu biyu zan ƙara. Ki yanka wa kanki lada, ko kaɗan ne, kamar yadda kike ba yarinyar. Daga ladan nan ne za ki taimaka wa gida, ba daga uwar kuɗi ba. Sannan ki buɗe asusu daban na sana'a. Yanzu da lambar BVN ko NIN da waya an gama. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, to duk wanda zai turo kuɗin mai ko na ƙuli can zai tura. Kada ki saki kaya don an nuna miki saƙo a waya, sai kin buɗe asusun kin ga kuɗin da idonki. Wannan asusun ne kuma gobe zai zame miki shaida in kin je neman jari, domin banki tarihin shige da fice yake dubawa.

Ɗan Dawanau:
Ni dillalin hatsi ne, kullum ina cikin kasuwar nan, kuma ina tare da yayarki. Sabuwar gyaɗa tana fitowa ne daga wajen Satumba zuwa Nuwamba, lokacin manomi yana neman kuɗin biyan 'yan ƙwadago da na hidimar gida, kasuwa ta cika. Daga an shiga bazara, musamman dab da shuka da ake neman iri, sai ta yi wuya. Mai sana'a irin taki da take sayen tiya-tiya duk mako, a tsadar nan take ƙonewa: gyaɗa ta hau, amma in ta ƙara kuɗin ƙuli yara su koma gidan gaba. Wadda ta ajiye tun kaka kuwa tana toya ta araha tana sayarwa a farashin bazara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma kada in rufe ki, ajiya ba riba ce tabbas ba. Waɗanda suka tara masara a kakar 2024 da tsammanin za ta ninka, da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya a 2025, bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da wasu kayan abinci, farashi ya karye. Bambancinki da su shi ne ke ba jiran tashin farashi kike ba, sarrafawa za ki yi, ko ta faɗi kina da ribar aikinki. Duk da haka kada ki zuba kuɗin gaba ɗaya. Ki sayi abin da hannunki zai iya cinyewa zuwa wata huɗu ko biyar.

Kuma ba dole sai kin zo Dawanau ba. Kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada za su cinye bambancin in buhunan ba su da yawa. Kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da ku sun fi miki, a can muke sayowa mu ma.

Malamin Gona:
In ƙara a kan maganar ajiya, don nan ne ake asara a ɓoye. Ki sayi mai ɓawo in kina da wuri, ta fi tsaba jure ajiya, ki riƙa ɓarewa daidai buƙata. Ki tabbata ta bushe sarai: in kika girgiza kwanson za ki ji ƙwayar tana kaɗawa, in kika tauna za ta karye ƙaras. Buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango, a sa katako a ƙasa, ɗakin ya samu iska. Gyaɗar da ta sha danshi tana yin funfuna, funfunar nan kuma tana haifar da dafin da ake kira afulatoksin, mai lahanta hanta. Suya ba ta kashe shi, kuma ya fi zama a cikin tunkuza, wato a ƙulin da yara ke ci. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta motse, ko take ɗaci, a tsince ta. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fitar da maganin da ake watsawa a gona, Aflasafe, don rage wannan dafi, in kin samu manomin da ke amfani da shi ki riƙe shi.

Don girman Allah kada a zuba fiya-fiya a cikin buhu. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

Sannan ki lura da iri. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, amma iri ya fi iri. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru a Zariya ta fitar da jerin irin gyaɗa mai suna SAMNUT, irin su SAMNUT 24, masu saurin nuna da jure cutar da ta durƙusar da noman gyaɗa a 1975, zamanin da dalar gyaɗa ta Kano ta fara zama labari. Kafin ki sayi buhuna da yawa daga hannun mutum ɗaya, ki sayi tiya biyu ki toya ki ga man da za ta bayar.

Almajirin Malam:
Ina da tambaya ga Ɗan Dawanau. Wannan ajiyar ba ta shiga ɓoye abinci ba? Mun ga yadda hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Kano ta rufe rumbuna a Dawanau a Fabrairun 2024 kan wannan zargi.

Malam Mai Islamiyya:
Tambaya ce mai kyau. Abin da aka hana shi ne mutum ya kwashe abincin da jama'a ke buƙata lokacin ƙunci, ya kulle yana jiran su galabaita ya tsawwala. Mai sana'ar da ta sayi buhunan da za ta riƙa sarrafawa tana fitarwa kasuwa duk mako, a lokacin da kaya ya wadata, ba ta cikin wannan. Sai dai in tuna wa 'yar uwa zakka: in dukiyar kasuwanci ta kai nisabi, shekara ta zagayo, ana ƙimanta kaya da kuɗin hannu a fitar da ɗaya cikin arba'in. Littafin da Akanta ya ce, nan ma zai yi amfani. Bashin masu shaguna kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ki rubuta a gabansa, da ranar biya, kuma babu kunya a ciki.

Ɗan Zamani:
Na ji duka, amma me ya sa sai ɗaya? Ta zuba nata a gyaɗa, ta ci bashin inji. Ga bankunan ƙananan 'yan kasuwa, ga manhajoji a waya da ke ba da rance cikin minti kaɗan. Duk wani babban ɗan kasuwa da kuke gani da kuɗin banki ya girma. In muka ce sai mun tara da adashi, tsufa zai riske mu a bakin murhu.

Akanta:
Ƙanena, ka duba lamba kafin ka tura ta. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, bankuna kuma a samansa suke ɗorawa. Masu ba ƙananan 'yan kasuwa a wata suke lissafa ruwansu, ba a shekara ba, da yawa kuma duk mako ake biya, daga makon da aka karɓa. Ita kuwa kayanta suna shagunan mutane sai sun sayar. Ranar biya ta zo babu kuɗi a hannu, sai a sayar da gyaɗar da aka ajiye a biya bashin inji. Manhajojin waya kuwa ban ba ko maƙiyina shawararsu ba. Wata ƙanwata ta karɓa daga ɗaya, ta makara kwana kaɗan, suka bi lambobin wayarta suna tura wa surukanta saƙon cin mutunci. Babban ɗan kasuwar da kake magana yana da kadara da zai jingina, yana da mai duba masa takarda kafin ya sa hannu.

Malam Mai Islamiyya:
Ban da asarar duniya ma, bashi da ruwa riba ce irin wadda addini ya hana, kuma hukuncinta ba ɓoyayye ba ne. Amma ba a rufe ƙofa a bar mutum a waje ba. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Abin da suka fi yi wa mai neman inji shi ne murabaha, wato banki ya sayi injin ya zama nasa, ya sayar miki da ribar da aka faɗa tun farko, ki biya kashi-kashi, kuɗin ba ya ƙaruwa da tafiyar lokaci. Ba kyauta ba ce, ribar tasu tana da nauyi, kuma za su nemi tarihin asusu da mai tsaya miki.

Wadda ta fi kusa da ke ita ce ƙiradi, wanda magabatanmu fatake suka yi kasuwanci da shi. Ɗan uwa ko 'yar uwa ya kawo kuɗi, ke ki kawo aiki, a yanka rabon riba tun farko, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, yadda kuka yarda. Sharaɗin shi ne kada a ce duk wata za ki ba shi kaza ko an samu ko ba a samu ba. In asara ta zo ba da sakacinki ba, a kan mai kuɗi take, ke kuma wahalarki ta tafi. A rubuta, a sa shaidu biyu, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Zumunci da yawa ya lalace a kan "ai na ɗauka".

'Yar Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa, daga Nijar nike bin zancen. Mu nan abin da ya tashi mata da yawa shi ne asusun ƙungiya da ake kira Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Ya bambanta da adashi. Mata ashirin zuwa talatin suna zubi duk mako cikin akwati mai kwaɗo, makullai a hannun mata daban-daban, ba a buɗewa sai gaban kowa. Mai bukata ta ɗauki rance ta juya ta maido, ƙarshen zagaye a raba. Wasu ƙungiyoyin suna ɗora wani abu a kan rance, wasu sun bar wannan saboda maganar da Malam ya yi, sai su sayi kaya da kuɗin akwati su sayar.

Abin da nike so in ce miki, ba ke kaɗai ke toya ƙuli a unguwarku ba. In ku biyar ko shida kuka haɗu kuka sayi injin juya tunkuza guda, kowa ta biya in ta yi aiki, kuɗin ya shiga akwatin gyara, nauyin bai faɗa kan mutum ɗaya ba.

Hajiya Mai Sari:
Shawara ce mai kyau in an samu mata masu amana. Amma kayan tarayya sai an ce ga wadda ke riƙe da shi, ga wadda ke rubutawa. In ba haka ba ranar da bel ya tsinke kowa zai ce ba a hannunsa ya tsinke ba.

Ɗan Zamani:
To ko ba ku yarda da bashi ba, ku yarda da wannan: ta yi rajistar suna a hukumar CAC, ta nemi lambar NAFDAC, ta buga leda mai suna da lambar waya, ta buɗe shafi a Facebook da TikTok. Ƙulin da ake sayarwa a ƙulle a farar leda, in ya shiga roba mai kyau ya hau kantar manyan kantunan Kano, kuɗinsa wani ne daban.

Akanta:
Nan kam ina tare da kai, da sharaɗin a bi su a jere. Rajistar sunan kasuwanci a CAC ta intanet ake yi, ba ta da tsada sosai, da ita ake buɗe asusun banki da sunan sana'a, kuma in SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, ko Bankin Masana'antu suka fito da wani shiri, takardar da suke fara tambaya ke nan. Ta yi wannan ko a bana. NAFDAC kuwa aiki ne babba. Suna zuwa su ga wurin da ake sarrafawa, kuma ba za su karɓi madafar da ake girkin gida a ciki ba: ɗaki daban, ruwa mai tsafta, gwajin lafiyar masu aiki, samfurin kaya a kai ɗakin gwaji, takardar jikin roba mai ɗauke da ranar yi da ranar lalacewa. Man girki kuma doka ta ce sai an sa masa sinadarin bitamin A kafin a ba shi lamba. Don haka in za ta nema, da ƙuli ya kamata ta fara, ba da mai ba.

Hajiya Mai Sari:
Ni ban ga saurin me ake ba. Masu neman kayanta a Bichi ma ba ta ƙosar da su ba, ana maganar kantunan Kano. Kantunan nan ajiye musu kaya ake yi, sai sun sayar su biya, wanda ya daɗe su dawo miki da shi. Mai ƙaramin jari ba ta iya wannan jiran. 'Yata, masu tsiren nan da suke ɗauka kullum su biya nan take, su ne dukiyarki. Ki zagaya ta hannun maigida ko ɗanki a ji masu kilishi da masu tsire nawa ne a garin ba sa saye a wurinki, da dalili. Masu shago kuma ki sa musu ƙa'ida: ba a kai sabo sai an biya na baya. Wanda ya yi fushi ya tafi, da ma da jarinki yake kasuwanci.

Ɗan Zamani:
Hajiya, da girmanki, amma waya ba ta cin komai. Ko hoton ƙulin ta riƙa sawa a WhatsApp, ɗaliban nan in sun tafi hutu za su aiko a sa musu a mota.

Hajiya Mai Sari:
Wannan na yarda, ɗana. In sun turo kuɗi tukuna.

Maman 'Yan Biyu:
Iyayena da yayyena, Allah ya biya ku. Na karanta wa maigida duka jiya da dare, mun daɗe muna tattaunawa. Ga inda muka tsaya. Injin kek na bar shi. Kashi biyu cikin uku na kuɗin zan sayi gyaɗa mai ɓawo, ya ce zai gyara mini ɗakin da ke kusa da zaure ya sa katako. Sauran zan bar shi a sabon asusu saboda icce da leda da abin da ka iya tasowa. Zan ƙara mace ɗaya mai taya ni murza. Littafi na riga na sayo, 'yata ce za ta riƙa rubutawa. Maganar 'yar uwata ta Maraɗi kuma na kai wa uwar adashinmu, mu huɗu ne masu ƙuli a cikin zubin, biyu sun nuna suna so. In an dace, kwasar gaba sai mu haɗa mu sayi mai juya tunkuzar. Malam Mai Walda, me za mu duba in mun je saye?

Mai Walda:
Ku tafi da markaɗaɗɗiyar gyaɗarku, a zuba a juya a gabanku kafin ku ba da ko sisi. Ku duba cikin tukunyar, ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa ne, ba wanda aka shafa wa fenti ba, don fenti yana ɓarewa ya shiga abinci. Ku tambayi ƙarfin moton, ku tabbata wutar gida mai layi ɗaya ko ƙaramin janareto zai ja shi. Bel ɗin ya zama da murfi saboda mayafi da hannun yara. Kuma ku saya a hannun wanda ya ƙera, wanda za ku iya kira ya zo, kada ku biya duka sai an kawo an kafa ya yi aiki.

Mai Kaji:
Hajiya, ni ma a yankinku nake. Gyaɗar da za ki tsince, baƙaƙen da motsattsun, kada ki zubar, ki tara mini zan saya in haɗa wa kaji.

Malamin Gona:
A'a Alhaji, kada ta ba ka. Dafin nan yana kama kaji fiye da yadda kake zato, yana rage ƙwai, yana kashe 'yan tsaki, a shanu kuma har cikin nono yake fitowa. Wadda ta yi funfuna a binne ta ko a ƙone. In abincin kaji kake nema a wurinta, ga ɓawo na shimfiɗa, ga ɓurɓushin ƙuli mai kyau da ke saura a kwando, ku yi ciniki a kan waɗannan.